Jalalar da na sa aka ɗinko daga Kano, a bayan mota ta wuni

Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu ta tambayata a waya wai ya labarin hawan dokin 'yar nan tawa, to yau na zauna zan ba ku gaba ɗaya, don na gaji da maimaita wa mutum ɗaya ɗaya.

Inda nake zaune a jihar Bajiniya ta Amurka ƙasar masu dawaki ce, in ka baro Washinton ka nufi yamma wajen Middleburg da Upperville ba abin da za ka gani sai makiyaya da shingen katako da barga, wata bargar ma wallahi ta fi gidan da nake haya kyau. 'Yata ta fari ta fara koyon hawa a wata ƙaramar barga kusa da mu, ni kuma har cikin raina na ji daɗi, mu da kakanmu ya tsufa yana bin hakimi hawan sallah ai dole jini ya motsa. Da malamarsu ta ce ta isa shiga gasa sai na aika Kano aka ɗinko mini jalala, ja da ruwan ɗorawa, an zuba mata aikin zare mai walƙiya, aka haɗo da ɗan kai mai tuntaye. Na ce yau Turawa za su ga yadda ake yi wa doki ado.

Ranar gasar tun da asuba muna filin, na warware jalalar nan ina shirin ɗorawa, sai malamar ta zo ta tsaya ta ce kai wannan abu ya yi kyau, ta shafa, ta juya, sannan cikin murmushin nan nasu da ba ya kaiwa zuci ta ce amma don Allah a mayar da ita mota. A gaban iyayen yara fa. Wata mata ma daga gefe ta tambaye ni ko zan sayar mata ta rataya a bangon falo. A bangon falo jama'a! Yarinyar kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta ja ni gefe tana cewa Baba don Allah ka yi shiru, dama tun a gida take ta zuba mini ido na ƙi kulawa. Na naɗe abata na kai but na rufe. Aka ɗauko wani ɗan farin ƙyalle mai gashi gashi da aka yanka daidai siffar sirdi, da ƙyar kake hango bakinsa, wai shi ne ado.

Gasar su suna ce mata hunter, ta dawakin farauta ce, asalinta daga farautar dila da karnuka da manyan Ingila suke yi a kan doki. Abin dariya can Ingila tun 2005 dokar hana farautar dila da karnuka ta fara aiki, amma kayan da suke sawa suna nan daram a nan Amurka ana ta ririta su. Babu sukuwa a ciki, babu jahi, babu kaɗe kaɗe. Doki zai shiga fili shi kaɗai ya tsallake shingaye kamar takwas da aka yi su da katako da ganye su yi kama da na daji, alƙali na zaune yana duba natsuwarsa da takunsa da yadda yake naɗe ƙafafun gaba in ya tashi sama, ya ba shi maki cikin 100. Dokin ake kallo, shi mahayi so ake ya ɓace. Shi ya sa duk abin da zai ɗauke ido, launi mai haske ko walƙiya ko tuntu, zai iya jawo a rage maki. Na fahimci hujjar, amma dai har yanzu abin na cina, mu da a hawan Daushe tun daga nesa kake gane tawagar kowane hakimi da irin rawani da alkyabba da kayan dokinsa, a nan kuwa yara talatin sun jeru na kasa gane tawa sai da lambar da aka ɗaura mata a baya da igiya.

To ga abin da ake sawa, ga mai son sani. Kwat mai duhu, baƙa ko shuɗiya mai duhu sosai ko ruwan toka ko kore mai duhu, yawanci shuɗiyar suka fi so. Riga ta ciki mai dogon hannu fara ko mai haske, wuyanta a tsaye a rufe ruf. Wando ruwan ƙasa mai haske da bel, dogon takalmin fata baƙi har gwiwa mai igiya a wajen idon sawu, safar hannu baƙa, sai hular kwano baƙa marar ƙyalli. Mata su tattara gashi cikin raga su cusa ƙarƙashin hula, ko sili ɗaya ba a so ya leƙo. Ƙananan yara mata kuma 'yan ƙasa da shekara sha biyu ko sha uku su ne kawai aka yi wa sassauci, gajeren takalmi suke sawa da wata igiyar fata a ƙasan gwiwa, a yi musu kalaba biyu a ɗaura ribon mai launi, to nan ne kaɗai za ka ga ja ko ruwan hoda a filin gaba ɗaya. In babbar gasa ce ta manya sai ka ga mata da wata kwat mai jela biyu a baya da farin ƙyalle naɗe a wuya an soke shi da fil a kwance, wai da can in mafarauci ko dokinsa ya ji ciwo a daji da wannan ƙyallen ake ɗaure raunin. Na gan su a babbar gasar Upperville da ake yi duk watan Yuni a ƙarƙashin manyan itatuwa, tun 1853 ake yinta, ita ce mafi daɗewa a Amurka. Hausawa dai sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemo ka sa, ban taɓa zaton maganar za ta zo mini a zahiri ba.

Kuma fa duk wannan kwat da safa a tsakiyar zafin Yuni da Yuli, zafi mai gumi da ko Legas albarka. Sai ya kai intaha sannan masu shirya gasa su yi sanarwa a lasifika cewa an yafe kwat, a hakan ma wasu iyaye ba sa bari yara su cire.

Kuɗin kuwa kar ku tambaya. Wandon Tailored Sportsman da kowace yarinya take so na gan shi wajen dala 200, hular Charles Owen ko Samshield daga dala 300 zuwa sama da 600, takalmin da aka auna ka aka ɗinka maka ya haura dala 1000. Shi kansa dokin sai an yi masa kitso a geza, ƙanana ƙanana sama da talatin, akwai masu sana'ar da ke kwana a barga suna yi da fitilar goshi, kuɗin kitson doki ɗaya ya fi abin da uwargida take biya nata. Abin da ya cece ni shagon gwanjo, eh suna da gwanjon kayan doki, masu kuɗin ma ba sa jin kunyar shiga, yaro ya girma a kawo kayansa a ajiye in an sayar shago ya cire nasa ya ba ka naka. Matar shagon ta durƙusa ta auna ƙwaurin yarinyar da tsawon ƙafarta, ta gwada mata takalma har ta samu daidai, hular kuma ta ce sam ba za ta sayar mana da ta hannu ba, don hular da ta taɓa buguwa da ƙasa ta gama aiki ko ba a ga tsaga ba. Ciniki a hannunta ta ƙi. Na tuna telan da ya riƙe mini shadda har sallah ta wuce yana rantsuwa gobe gobe.

Rigimar da muka sha a gida ta wandon ce, don ya kama jiki sosai, mamanta ta ce ita fa ba da ita ba. Daga ƙarshe aka samo wanda ya ɗan saki da kwat mai ɗan tsawo, kuma da ta sauko daga doki sai ta zura doguwar riga. Hijabi kuwa da na ɗauka shi ne zai zama magana ko kallo bai jawo ba, ta sa baƙi marar kauri irin na 'yan wasa a ƙarƙashin hula, malamar ta ce ai ya ma fi ragar rufe gashi da kyau.

Maganar hular nan ita ce ta fi tsaya mini. A filin ba yaron da zai hau doki ko na taku biyu ne ba tare da hula mai shaidar gwaji an ɗaure ta a haɓa ba, in an gan shi sauko da shi za a yi ko ɗan waye. Mu kuwa fa? Yaro ɗan shekara goma a kan ingarma ranar kilisa ko hawan angwanci, a kan kwalta, tsakanin keke napep da motoci, ana ihu ana zuga shi, kansa ba komai sai zanna bukar. In ya faɗi a ce tsautsayi. Mu ne fa a 2009 da aka ce 'yan acaɓa su sa hular kwano wasu suka kifa ƙwarya a ka suka fito titi, duniya ta yi ta mana dariya. Alhali kakanninmu da suka san doki da gaske kwalkwali suke sawa da lifidi, ba su ɗauke shi tsoro ba.

Sannan fatar. Na riƙe takalmin nan na dala dubu na juya shi, wallahi ban ga abin da baduku na ƙwarai a Kano ko Sakkwato zai kasa ba, mu da fatar jar akuyarmu ta yi suna a Turai tun da can da sunan Maroko. Awo ne kawai ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba, ka ba da sawu arba'in da biyu a kawo maka ƙafar dama ta fi ta hagu a ce zai buɗe in ka taka. Don haka in akwai wanda ya san baduku a Ƙofar Wambai da zai iya bin awo sak, ya sa zif a baya, ya kuma cika alkawarin rana, ya yi mini magana, zan aiko da tsohon takalmi ɗaya ya farke ya duba, don ƙanenta ma ya fara cewa shi ma doki zai hau, ni kuma aljihuna ba zai ɗauki biyu ba.