Masaukin fatake a Zangon Kwatano bayan rasuwar maigidan

A watan da ya wuce na koma Kwatano a karo na farko tun bayan rasuwar dattijon da na shafe fiye da shekara ashirin ina sauka a gidansa, na kwana biyar a masaukin da 'ya'yansa suke riƙe da shi yanzu. Ta'aziyya ce ta kai ni, amma tun da na dawo abokan sana'a suke tambayata ko har yanzu gidan ya cancanci a aika masa baƙo da dukiya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani. Ba zan kama suna ba, domin iyalan ba su nemi talla a wurina ba, kuma wanda ya saba da layukan da ke kusa da babban masallacin Zango zai gane gidan da nake nufi.

Marigayin, Allah ya jiƙansa, fatoma ne irin na da. Ya taso yana rakiyar baƙin mahaifinsa zuwa Dantokpa, babbar kasuwar Kwatano, a nan ya iya yaren Fon da Yarabanci da Faransancin ciniki, har ya zama mutumin da ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi yake jingina da shi a garin da ba ya jin harshen kowa. A zamaninsa ba a biyan kuɗin kwana. Baƙo zai sauka, a ba shi tabarma da abinci, ya damƙa kuɗinsa a hannun maigida, a haɗa shi da yaron da zai kai shi wurin atamfa ko shinkafa ko dilolin gwanjo na Misebo, sai ciniki ya faɗa sannan maigida ya karɓi la'adarsa. Idan aka ba baƙo kaya bashi, da sunan maigida aka ba shi, idan kuma ya tafi bai dawo ba, maigida ne mai biya.

Akwai labarin da tsofaffin baƙin gidan suke maimaitawa, wanda na ji daga bakin mutumin da abin ya faru da shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farankan Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya wayi gari yana sefa 100. Wannan bawan Allah ya bar ajiyar farankan Faransa a gidan kafin ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa, kuma a littafin ajiya an rubuta ƙimar kuɗin da sefa ne, kamar yadda aka saba. Da ya dawo, da dattijon ya ƙirga masa sefar da aka rubuta babu alƙalin da zai kama shi da laifi, amma sai ya ɗauko masa ƙunshin nan yadda ya bar shi, da zaren da ya ɗaure shi. Irin wannan hali ne ya riƙe gidan a shekarun da harka ta yi ta tsukewa: hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa da Najeriya ta yi a Janairun 2017, rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan rufe gadar da ta haɗa Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A kowane karo ɗakuna sun yi fayau, direbobi sun maƙale da manyan motocinsu, shi kuwa bai taɓa sa an sauke tukunyar dare ba.

Ta fuskar gini, dole in faɗi gaskiya, 'ya'yan sun fi mahaifinsu. Dattijon ba ya ganin amfanin kashe kuɗi a kan bango, ga shi iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, har ƙofofin ɗakunan suka yi tsatsa suna kuka. Yanzu an sauya ƙofofi, an sa raga a tagogi saboda sauro, kowane ɗaki yana da fanka da gado da gidan sauro, huɗu daga ciki suna da makewayinsu. An ɗaga daɓen tsakar gida, wanda a da yakan zama tafki duk lokacin da ruwan watan Yuni ya sauka. Ruwan famfo bai yanke ba a kwanakin da na yi. Ana biyan kuɗin kwana yanzu, amma bai kai na ƙananan otal-otal ɗin unguwar ba, kuma ban ga laifin hakan ba tunda la'ada ba ta iya ciyar da gida kamar da.

Abincin bai canza ba, domin har yanzu uwargidan marigayin ce take tsaye a kan girki. Da safe koko da ƙosai, da dare tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuɓewa wadda aka zuba wa kifin teku, ɗanɗanon da ba a samunsa a Arewa.

Inda na sami abin faɗa shi ne wajen hidimar ciniki, wadda ita ce asalin sana'ar gidan. Ƙaramin ɗan, wanda ya yi boko da Faransanci, ya san takardun tashar jiragen ruwa da lissafin kuɗin fito fiye da yadda mahaifinsa ya taɓa sani, kuma ya bi mini wasu takardu cikin kwana biyu ba tare da yawo da hankali ba. Sai dai ranar da na raka wani matashi ɗan garinmu filin sayar da motoci na Sekanji, a kan hanyar Porto-Novo, yaron da aka haɗa mu da shi ya nace a kan mota guda, yana ta kawar da mu daga sauran, abin da ya nuna mini cewa akwai wata la'ada ta biyu da yake jira daga mai motar. A zamanin dattijon, yaron da ya ci ta fuska biyu ba ya sake kwana a gidan. Haka kuma an ƙara wa matashin wani kuɗin hidima da ba a faɗa masa tun farko ba. Na kai maganar gaban babban ɗan, ya saurare ni da ladabi, ya ce: "Baba, ku yi haƙuri, wannan kuskurenmu ne," ya mayar da kuɗin a take, ya kuma canza mana yaro. Na yaba da hakan, ko da yake baƙon da ba shi da furfurar da za a ji nauyinta wataƙila da haka zai tafi.

Zauren ma ya canza. An sa teburi da kujera a inda buzun dattijon yake, kuma hirar bayan sallar isha'i, wadda a nan baƙo yake jin farashin kaya da labarin hanya da sunan wanda ba a ba shi bashi, ta ragu ƙwarai, kowa yana ɗakinsa da wayarsa.

Wanda ya san gari, yake neman wurin kwana mai tsafta kusa da masallaci da abincin gida, ya sauka a nan hankalinsa kwance. Sabon shiga kuwa ya nemi babban ɗan da kansa, su yi magana a kan la'ada da kowane kuɗin hidima kafin ya hau babur zuwa kasuwa, kuma a rubuta. Ni dai na bar ajiyata a hannunsa kafin in taho, ya shigar da ita cikin tsohon littafin mahaifinsa mai baƙin bango, sannan ya ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp tun ban kai iyakar Seme ba.