Sun goge wa Baba shunin hannunsa

Hotuna 14 na kai wani shagon gyara da wankin hoto a nan cikin gari, kuma har yau in na tuna da guda ɗaya daga ciki sai raina ya sosu.

Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Kyamarata ta hannu ce, da gilashi mai milimita 50, ranar Asabar nake fita da ita. A hunturun da ya wuce sai da na yi sawu uku a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake rini a cikinta tun 1498, kafin wani dattijo marini, da nake ce wa Baba, ya yarda in ɗauke shi. Na jira har bayan la'asar, rana ta yi sanyi, hazo ya lulluɓe bayansa. Yana tsugune a bakin rami, ya ɗago ƙyalle yana ɗiga, don rinin baba sai ya sha iska yake juyewa daga kore zuwa shuɗi. Shuni ya kama yatsunsa har cikin farce, irin kamun da sabulu ba ya fitarwa. Saboda hannun nan na ɗauki hoton.

Da na je karɓa, wallahi ban gane mutumin ba. An haska masa fata, an share tamojin goshinsa, fuskar ta yi sumul kamar ta ango a kalandar biki. Hazon an kwashe shi tas, sama ta yi shuɗi irin na damina. Hannun kuma an goge shi. Na ce wa yaron da ke kan kwamfuta, "Ƙanena, ina shunin?" Ya ce, "Yallaɓai, na zaci datti ne. Kowa haka yake so a fito da shi." Ban yi masa faɗa ba, amma na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Na yi wa Baba alkawarin kai masa hotonsa, da wane ido zan miƙa masa wannan?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, yaron ya san aikinsa. Akwai hoton da na ɗauka a rumfar masu bugu, ya yi duhu har na fid da rai da shi. Da yake a RAW na ɗauka, wato tsarin da ke ajiye duk abin da kyamara ta kama, ba JPEG da ke matse hoto ba, ya ɗago inuwar a hankali, sai ga ƙyallin shaddar ya fito, ɗan yashi-yashin da ya biyo baya ma ya rage shi ba tare da ya kashe zaren ba. Ya kuma faɗa mini abin da ban so ji ba: wata farar babbar riga da na ɗauka da tsakar rana ta ƙone, aikin wuyanta ya ɓace, babu manhajar da za ta dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. Ya ce in riƙa rage haske tun a wurin ɗauka, gara hoto ya ɗan yi duhu da ya ƙone. Na gwada, haka ne. A nan har na fara huce.

Amma da na ce a sake wanke na Baba yadda yake, haske kawai za a daidaita, sai mai shagon ya ce sabon kuɗi. Kuskuren nasu ne, babu wanda ya tambaye ni kafin a taɓa fuskar mutum, kuma ni zan biya? Na biya, saboda alkawari. Takardarsu tana da kyau, launi bai karkace ba, wannan ba zan ɓoye ba. In za ku kai musu aiki, ku ja kujera ku zauna kusa da yaron har ya gama. Ni gyaran zan riƙa yi da kaina a gida, wanki kawai zan kai.

Ranar Juma'a na kai wa Baba na biyun. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya kira maƙwabcinsa na rami ya nuna masa.