P900 ko DSLR ta hannu? Ga wadda zan ce ka saya

Ƙanena, cikin kyamarori biyun da ka ambata, DSLR ta hannu (irin wadda ake cire gilashinta a sauya wani) mai gajeren gilashi na 18-55 da kuma Nikon P900, duka na riƙe su. Ɗauki P900.

Ranar da ta shiga raina, da sanyin safiya ne a gadar Kwalkwalawa, lokacin hunturu. Wani zalɓe na tsaye can tsallaken ruwa, da ido sai ka ce kara aka kafa. Na jawo shi a hankali har na ga ƙwayar idonsa da ɗan kifin da ke bakinsa, ko motsi bai yi ba don bai san da ni ba. Ninki 83 take jawowa, kuma gilashin ne da kansa ke aikin. Da na dawo gida na sa ta a makro, wato tsarin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na ɗauki farar tumfafiya a bayan katangarmu, har zanen fiffikenta ya fito. Shamuwa ma, da ta iso farkon damina, daga tsakar gida na ɗauke ta kan sheƙarta.

Ga kuma ƙurarmu ta Sakkwato. Gilashin P900 ba a cire shi, don haka ba ka buɗe cikinta hazo ya shiga. Inda take gazawa: da magariba ta kawo kai hoton sai ya yi dishi-dishi, kuma in ka jawo har ƙarshe dole ka jingina da bishiya ko ka ɗora ta kan wani abu.

DSLR ɗin kuwa, hotonta na fure da fuskar mutum ya fi tsabta, ban musa ba. Amma tsuntsu ɗigo yake fitowa, sai ka sake neman kuɗin dogon gilashi. Ban shekara da ita ba na sayar.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Tun 2015 P900 ta fito, duk wanda ya ce maka "sabuwa dal" ka bincika sosai. Kada ka tura kuɗi kan hoton WhatsApp. Ka riƙe ta da hannunka, ka fitar da gilashin ka mayar sau da yawa, ka saurara ko yana ƙara ko sarƙewa, ka haska cikinsa da tocila ko akwai fumfuna. Batir da memori su ake yawan musanyawa da jabu, ka tafi da naka memorin ka gwada a gabansa.