Sitabilaiza, UPS ko inbata: wanne zai gyara muryar kayan sautinka?

In kana jin gurnani a ƙarƙashin kiɗa, ko kaurin sauti ya mutu da magariba, ko sifika ta yi "ƙas" duk lokacin da firiji ya tashi, kada ka yi saurin ɗora wa amfilifaya laifi. An ƙera kayan ne don wuta mai bolt 230, amma a unguwanni da yawa da dare sai ka ga mita tana nuna 170. Amfilifaya mai taransifoma a cikinta, in wuta ta faɗo haka, kusan rabin ƙarfinta take rasawa, shi ya sa murya ke shaƙewa da zarar ka ƙara ta.

Kafin ka kashe ko sisi, kira mai aikin wuta ya duba abu biyu. Na farko, a ja wa kayan sautin layi nasu daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin 2.5mm², kada su haɗa layi da firiji ko injin jan ruwa. Na biyu, wayar atin, wato wadda ke kai wutar da ta kufce zuwa cikin ƙasa. Gidaje da yawa ramin sama na soket fanko ne, babu abin da aka haɗa masa. A kafa sandar jan ƙarfe a wuri mai danshi a haɗa. In kuma gurnanin yana ɗaukewa da ka zare wayar dish daga dikoda, to daga can yake shigowa, ƙaramar na'urar raba layi da ake sawa a wayar sauti tsakanin dikoda da amfilifaya ce maganinsa. Kada ka karya ƙafar atin ta fulogi don gurnani ya tafi. Ranar da wuta ta taɓa jikin amfilifaya, ta jikinka za ta bi.

Sitabilaiza ta gama-gari, mai yin ƙas-ƙas, tana ɗaga wuta ne mataki-mataki, kuma kowane tsalle kana iya jin sa a sifika. Ta dace da firiji. Irin da ake kira servo, wadda ƙaramin injin lantarki ke juya ta a hankali, ta fi ta nesa ba kusa ba wajen daidaita bolt, amma ba ta tace dattin wuta. Ƙaramin UPS na kwamfuta ka bar wa kwamfuta, babban kuma fankarsa ba ta shiru. Ƙaramin janareta na "na fi maƙwabci" ko kusa kada ya je.

Abin da ya fi duka shi ne inbata ta gaskiya, wadda wutarta ke tashi da sauka sumul kamar ta tashar lantarki, irin da ake rubuta wa Pure Sine Wave, haɗe da batir. Dalili kuwa, ba gyara wutar NEPA take yi ba, sabuwa take haɗawa daga batir, bolt 230 cif, babu ruwanta da waldar maƙwabci. Sai dai ga inda mutane ke faɗawa: yawancin inbatoci in an kawo wuta sai su wuce da ita kai tsaye zuwa soket, da dattinta da komai. Saboda haka ka nemi wadda za a iya saita ta ta fifita batir, ko ka sa makunni a layin shigarta ka kashe lokacin sauraro.

Wajen girma, duba wat ɗin da aka rubuta a bayan amfilifaya ka ninka sau uku, domin lokacin kunnawa taransifomarta tana fizgar wuta da yawa, ƙaramar inbata sai ta ɗauke. Ga yawancin falo, 1.5kVA ta wadatar. Batirin litiyam irin LiFePO4 mai 12.8V da 100Ah yana riƙe 1,280Wh, wato kayan da ke cin wat 100 za su yi wajen awa goma. Batirin ruwa ya fi araha, amma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, ga zuba ruwa. Ajiye inbatar a wani ɗaki saboda ƙarar fanka, kuma kada wayar sauti ta kwanta gefe da gefe da wayar wuta.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Rubutun jikin kwali ba hujja ba ne. Akwai inbatocin da wutarsu ke fita a gutsure, an manna musu tambarin Pure Sine Wave, kuma su ne ke sa sifika zuza, taransifoma ta yi zafi har ta ƙone. Ka sa a gwada a shago: a jona fankar tsaye, in ta kama gurnani a ƙaramin gudu, ajiye musu kayansu. Mitar gwaji mai arha ma tana tona asiri, domin a kan jabu takan nuna ƙasa da 200 alhali an ce 230 ne. Sitabilaizar da aka rubuta wa 5000VA amma kana ɗaga ta da yatsu biyu, babu taransifomar kirki a ciki. Waya kuwa, kankare ta da wuƙa: in fari ya bayyana ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, za ta yi zafi ta zubar da bolt. Batirin litiyam mai 100Ah na gaskiya yakan kai wajen kilo 10 zuwa 13. Wanda ya gaza haka da nisa, ko dai an rage ƙwayoyinsa ko ƙarya aka rubuta. Akwai kuma masu tara tsofaffin ƙwayoyi su sa a sabon gida, shi ya sa dole ka karɓi rasit mai lambar batirin da takardar garanti, ka kuma jona masa kayan da ka san wat ɗin da suke ci tun makon farko ka ƙirga awannin da ya yi.

Wayar fulogi mai tsadar gaske da ake cewa tana "buɗe sauti", bar ta a shago, ka ƙara kuɗin a batir.