Rigar kujerar leda da na ɗinka wa motata a Katsina: ɗinki ya yi, leda ba ta yi ba

Duk mai niyyar ɗinka wa motarsa rigar kujera ta leda a garin nan, ya ɗan dakata ya ji nawa labarin tukuna. Ba zan kama sunan shago ba. Masu mota a Katsina sun san layin masu ɗinkin kujera, sun kuma san abin da ake karɓa yanzu a kan cikakken saiti na Corolla. Ni dai na biya ba tare da dogon ciniki ba, don mutumin ya dafa ƙirji ya ce mini ledarsa orijinal ce, ba ruwanta da rana.

A ba shi haƙƙinsa, hannunsa na da kyau. Ya kwance kujerun gaba ɗaya, ya ƙara soso a inda ta direba ta lotsa, ya bi baƙar ledar da jan zare, layi ɗoɗar ba karkacewa. Ranar da na shigo gida da motar, uwargida tambayata ta yi ko canzawa na yi ban gaya mata ba. A wurin aiki ma mutane na tura masa, abin da yanzu nake ta ba da haƙuri a kansa.

Da zafi ya fara shigowa sai na lura gefen kujerata, wajen ƙofa inda cinya ke gogawa in za ka shiga, ƙyallinsa ya dushe, in ka taɓa ka ji ɗan danƙo. Ana cikin haka ɗaurin auren ƙanen wani aminina ya taso a Daura, cikin watan Afrilu. Na fito da farar shaddata, babbar riga sabuwa dal, ta sha bugu. Muka bi ta Mashi, muka isa da hantsi. Duk wata inuwa da ke kusa da masallacin motoci sun riga mu, dole na ajiye ta a fili, gilasai a rufe ruf. Aka ɗaura aure, aka ci abinci, aka yi ta gaishe-gaishe har bayan azahar. Da na buɗe ƙofa wani huci ne ya doke ni a fuska, sitiyari kuwa ba ya taɓuwa. Haka na zauna, esi na ta fama amma bayana sharkaf da gumi har muka shigo Katsina.

Ban wuce gida ba, kai tsaye muka nufi gidan iyayen ango mu yi musu Allah sanya alheri. Ina fitowa ina gyara hannun riga, sai wani yaro ya matso ya ce, “Baba, bayanka duk ya yi baƙi.” Na janyo rigar gaba na duba. Tun daga kafaɗa har ƙasa ɓarɓashin baƙar leda ne ya manne, wani ma ya nutse cikin aikin. Na leƙa motar, majinginar kujerar ta saɓule kamar saɓar maciji, wani farin ƙyalle ya bayyana a ƙasa. Ga dattawa zaune a kan tabarma a ƙofar gida, kowa ya ga abin da ya faru, kowa ya yi kamar bai gani ba. Aminin nawa ya kama kakkaɓe ni yana cewa, “Yi haƙuri mutumina, ba ya nunawa sosai,” alhali yana danne dariya. Kakkaɓar ma ƙara dama abin ta yi, don ledar ta yi laushi da zafi, duk inda hannu ya bi sai ta ja baƙin layi. Ninke rigar na yi na jefa but, na shiga gaisuwa da 'yar ciki. Mai wanki ya yi iya ƙoƙarinsa, har yau tabon na nan a wajen aikin baya. Kujerar nan ko shekara ba ta cika ba.

Washegari na je shagon. Mai shagon ya shafa wurin, ya girgiza kai, ya ce, “Alhaji, ai wannan rana ce.” Na ce, “Malam, ranar Katsina bana ta fara? Ba kai ka ce ba ruwanta da rana ba?” Sai ya koma cewa shi ma haka aka sayar masa a Kano.

Wani dattijo mai irin wannan sana'a ne ya warware mini zancen daga baya. Ya ɗauko ƙyallaye biyu daga cikin ragowar yanka ya miƙo mini. Ɗaya mai taushi, kamar fatar gaske a hannu, ita ce PU: siririyar roba ce aka shimfiɗa a kan yadi. Zafi da laima, har da gumin jiki, su ke cin wannan robar a hankali, ta fara danƙo, sannan ta rabu da yadin ta yi ta ɓarewa. Ɗayar mai kauri da ɗan tauri ita ce PVC. Ta fi juriya, amma ta fi ƙona jiki in ta sha rana, kuma da daɗewa sinadarin da ke sa ta laushi yakan fice, ta bushe ta tsattsage. Ya ce PU tun tana naɗe a sito take fara tsufa, wadda ta daɗe a ajiye rabin kwananta ya ƙare kafin allura ta taɓa ta. Tawa PU ce, kuma mai arhar.

Sai ya tambaye ni inda ake wanke mini mota. A nan na ɗan sauko. Yaran wajen wanki da garin sabulun wanki da burushi mai tauri suke dirje kujera, su gama su lafta mata man nan mai sa ƙyalli da santsi. Duk wannan cinye rufin saman ledar yake yi. Haka turaren fesawa da sanitiza, saboda sinadarin alkohol da ke cikinsu, mu kuwa ba ma fita taro sai mun yi wanka da turare. Ga lissafin zafin kansa: a Afrilu garin nan kan haura digiri 40, mota a rufe cikin rana cikinta na iya wuce 60, baƙar kujera kuma ta fi kowace shan zafi. Na ce to, ashe ba laifin mai ɗinki ba ne shi kaɗai.

Amma da na sake tunani raina ya ƙara ɓaci. Duk wannan bayanin mai shagon ya san shi. Me zai rage masa in ya ce, Alhaji ga iri biyu, ga halin kowace, kada ka zaɓi baƙa, kada a sa mata sabulun wanki? Ya karɓi kuɗin mai kyau ya ɗinka mini ta banza, sannan ya jingina laifi ga rana.

Kujerun baya da ta mai zaman gaba su nake lallaɓawa yanzu, kuma sun tsaya. In akwai bishiyar bedi, ko da tafiya zuwa inda zan je, a ƙarƙashinta nake ajiyewa. Na sayi abin nan mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a gilashin gaba, ina kuma ɗan sassauta gilasan gefe kaɗan iska ta riƙa fita, sai dai lokacin hunturu, don ƙura ke cika motar. Ƙurar ma in ta kwanta a kan leda aka zauna a kai, gurzarta take yi, shi ya sa ake fara kaɗe ta kafin a goge. Gogewar kuwa da tsumma mai laushi ne da ruwa, in da datti a ɗiga sabulu mara ƙarfi, a bi da busasshen tsumma. Na hana yaran wanki taɓa cikin motar. Doguwar tafiya cikin zafi sai da tawul a majingina. Wasu sun ce in sa baƙin gilashi, amma wannan sai da takardar izinin 'yan sanda, ban shirya wannan zirga-zirgar ba.

Ta direba kuwa tana nan da tsohon zanen uwargida a lulluɓe. Mai shagon ya yi alkawarin sake mini ita a rabin kuɗi, na ce da yadi nake so a wannan karon, ba leda ba. Duk sanda na kira, kaya na kan hanya daga Kano.