Fassara "rise" zuwa Fotugis: manhaja, ƙamus ko mai fassara?

Kafin ka biya kuɗin manhaja ko ka ɗauki mai fassara, gwada su da kalmar Turancin nan, rise. Ita kaɗai ta isa ta tona asirin kayan aiki mara inganci, domin a Fotugis ta kasu gida-gida. Farashi ya hau, subir ne, 'yan Barazil kuma kan kira hauhawar alta. Mutum ya miƙe daga kujera, levantar-se. Fitowar rana, nascer. Kwaɓin burodi ya tashi, crescer a Barazil, levedar a Fotugal. Hawa karagar mulki kuwa, ascensão.

Google Translate kyauta ne, kuma tun 2024 ya ware Fotugis ɗin Fotugal daga na Barazil. Amma in ka jefa masa kalma tilo, canki-canka zai yi. Ba shi cikakkiyar jimla. DeepL, wata manhajar fassara, ma yana barin ka zaɓi ƙasar, kuma za ka iya ɗaure shi da jerin kalmominka, ta yadda alta ba za ta rikiɗe ta koma subida, wata kalmar hauhawa, a tsakiyar rahoto ba. In takardar kwangila ce, ɗauki DeepL na kuɗi, shi ne ba ya ajiye abin da ka rubuta.

Ga mai son ya gani da idonsa, Linguee ya fi: yana jera jimlar Turanci kusa da fassararta daga takardu na gaske. Sai dai da yawansu na Tarayyar Turai ne, yaren ofis ne zalla, bai dace da talla ba. Ƙamusun Priberam na Fotugal da Michaelis na Barazil kuwa, wurin tabbatar da ma'ana ne bayan ka zaɓa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin ascender, hawa sama, da acender, kunna wuta. Harafi ɗaya ya raba su, kuma manhajar gyaran rubutu ba za ta tsayar da kai ba tunda duk biyun kalmomi ne sahihai.

Littafin sarrafa inji ko takardar kotu, biya mai fassara kawai. Galibi da yawan kalmomi suke lissafi. Gaya masa ƙasar da takardar za ta tun farko, domin Angola da Mozambik salon Fotugal suke bi.