Asibitocin duba masu mantuwa a Ingila: bincike mai inganci, jira mai tsawo

A tsarin hukumar lafiya ta NHS, likitan unguwa ne ke fara ganin wanda ake zargin yana da cutar mantuwa. Zai ɗebi jini a duba bitamin B12, sukari, da aikin ƙoda, hanta da tayirod, domin matsala a ɗayansu kan ruɗa dattijo har iyali su ɗauka gigin tsufa ne. Daga nan sai ya tura shi wurin ƙwararru. Duk kyauta ne.

Binciken da ake yi a can ya cancanci yabo. Akan zauna awa guda ko fiye, a yi gwajin tunani da tuna abu, wato ACE-III mai maki 100 ko MoCA mai maki 30, a saurari wanda ke zaune da majinyacin, sau da yawa kuma a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ku tafi da tabaransa, na'urar jinsa da kwalayen magungunansa, ku kuma rubuto lokacin da ya fara manta tukunya a wuta ko ɓata a hanyar gida. Wanda bai ji tambaya sosai ba zai rasa maki a banza. Idan Turanci ba harshensa ba ne, ku nemi tafinta tun ranar da za a tura shi, ku tambaya ko suna amfani da RUDAS, gwajin da bai jingina sosai da boko ba.

Jiran ne abin takaici. Burin hukumar makonni 6 ne daga ranar turawa zuwa samun sakamako, amma binciken ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna matsakaicin jira ya kai kwana 151. Layin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na cinye lokaci, kuma wasiƙar ganin likita takan je hannun mai mantuwar, ya ajiye ta inda ba za a gani ba. Ku sa ya ba da izini a riƙa aiko wa ɗansa ko 'yarsa kwafi.

Bayan sakamako, ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a ba kowane mai mantuwa jami'i guda, sananne da suna, mai haɗa kan kulawarsa. Inda akwai nas-nas na Admiral, wato ƙwararru kan kula da masu mantuwa, iyali kan samu mai bin lamarinsu. A wasu yankunan kuwa, maganin mantuwa na donepezil kawai ake ba shi, miligiram 5, a ƙara zuwa 10 bayan wata guda, sai a mayar da shi gun likitan unguwa. Kada ku fita ɗakin sai an rubuta muku sunan jami'in, lambarsa, da ranar duba maganin.